Kafin a Buga Fegi: Yadda Ake Aiki da Taswirar Wuraren Tarihi Wajen Ba da Fili da Izinin Gini a Bauchi

A shekarar da na fara sa hannu a takardun izinin gini, an kawo mini wani fayil da bai rasa komai ba. Takardar fili tana ciki, safiyo ya buga hatiminsa, zanen shaguna shida ne a jere, an biya kuɗin da ake biya. Na duba, na sa hannu, ban taka wurin ba. Bayan kamar mako uku wani dattijo ya zo ofis ya zauna a benci tun hantsi har aka kira azahar, ya ce ba zai yi magana da kowa ba sai wanda ya sa hannu. Da aka shigo da shi sai ya ce, "Ɗana, kai ne ka ce a tone mana iyaye?" Ashe leburori sun kai ƙugu a haƙan fandisho suka fara fito da ƙasusuwa. Tsohuwar maƙabarta ce da aka daina binnewa a cikinta tun kafin a haife ni. Kowa a unguwar ya san da ita, takarda ce kawai ba ta sani ba. Na ce, "Baba, laifina ne," domin laifina ne. An tsayar da aiki, an mayar da ƙasa, amma mai shagunan ya yi asarar kuɗinsa, mutanen unguwa kuma sun ga abin da bai kamata su gani ba.

Da akwai taswira a kan teburina ranar nan mai nuna wurin da jan launi, da minti biyu sun isa. Don haka na rubuta wannan jagora, saboda jami'an tsara gari, da ma'aikatan filaye na ƙananan hukumomi 20 na jiharmu, da kansiloli, da hakimai da dagatai, har ma da wanda ke shirin sayen fili bai san abin da ke kwance a ƙarƙashinsa ba.

Mece ce wannan taswira?

Taswira ce ta gari ko gunduma wadda aka zana wuraren tarihi a kanta, kowanne da iyakarsa, da kuma filin da ke kewaye da shi wanda ba a yin abin da aka ga dama a cikinsa. Ana ɗora zanen fulotin da ake nema a kanta, a ga ko ya taɓa wani abu. Aikinta ke nan. Ba ita ke yanke hukunci ba. Tana dai tsayar da hannun jami'i kafin ya sa hannu, ta ce masa ya tashi ya je ya gani, ya tambaya. Shi ya sa nake kiranta taswirar hattara.

Wasu abokan aiki suna ɗaukar abin kamar tsari ne da aka aro daga Ingila, inda gine-ginen tarihi ke da rajista hawa-hawa. Ni ban gan shi haka ba. Muna da kalmarmu tun tuni: hurumi. Gari yana da hurumi, maƙabarta tana da hurumi, filin idi da rijiya haka. Ba a noma wurin, ba a gina shi, kuma ba a rubuce yake ba saboda dagaci da mai unguwa suna riƙe da shi a ka. Abin da ya canza shi ne yanzu wanda ke raba fili yana zaune a ofis, sau da yawa ma ba ɗan garin ba ne. Taswirar hattara hanya ce ta ɗauko abin da ke kan dattawa a ajiye shi inda mai sa hannu zai gan shi.

Mataki na farko: san dokar da za ka jingina da ita

Kada ka zana layi ko ɗaya sai ka san abin da za ka ce idan lauya ya tambaye ka da wane iko.

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato doka mai lamba 77 ta 1979, ita ke kare wuraren da aka ayyana a matsayin na ƙasa baki ɗaya: ba a rushe su, ba a sauya su, ba a ɗauke wani abu daga cikinsu sai da izinin hukumar. Dokar ta hana haƙan neman kayan tarihi ba tare da takardar izini ba, kuma ta sa shekarar 1918 a matsayin iyaka wajen ɗaukar kayan sana'ar hannu a matsayin na tarihi. Dokar tsara birane da yankuna mai lamba 88 ta 1992 kuwa ta tanadi cewa sashen kula da gine-gine ya tattara jerin gine-gine masu daraja ta fuskar tarihi ko fasaha, ya kuma sa ido a kan rushe su. Sai dai ka tuna Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa tsara gari aikin jihohi ne. Saboda haka ka nemi dokar jiha da ƙa'idojin Hukumar Raya Birane ta Jihar Bauchi, ka karanta su da kanka, kada ka tsaya a kan abin da aka ce an ce.

Akwai abubuwa biyu a kundin tsarin mulki na 1999 da ƙananan hukumomi ba su cika amfani da su ba. Na ɗaya, majalisar jiha tana da ikon yin doka a kan wuraren tarihin da ba a ayyana su na ƙasa ba, kuma mafi yawan namu cikin wannan rukuni suke. Na biyu, kafa maƙabartu da kula da su yana cikin ayyukan da aka lissafa wa ƙaramar hukuma. Ciyaman ɗin da ya ce ba ruwansa da tsohuwar maƙabarta bai duba jadawalin aikinsa ba. Ga kuma dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta sa filayen birni a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a wajen birni. Ma'ana, ƙofa biyu ake fitar da fili, dole taswira ta kasance a bakin kowacce.

Mataki na biyu: tattara wuraren

Fara da mai sauƙi, wato waɗanda gwamnatin tarayya ta riga ta ayyana. A jiharmu akwai Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a Ganjuwa, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, an ayyana shi tun 1956. Akwai hubbaren Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa a cikin Bauchi. Akwai zanen duwatsu na Geji, da Shira, da Shadawanka, da Dutsen Damisa, da tarin duwatsun Panshanu, da alamar awon haƙar ma'adinai ta farko a Tilden Fulani. Rubuta wa hukumar tarayya ka nemi takardar ayyana kowanne da bayanin iyakarsa. Wannan aikin kwana kaɗan ne, kuma shi ne ƙaramin kaso.

Babban kason yana wajen mutane. Ganuwar da Sarki Yakubu ya gina bayan kafa birnin Bauchi a 1809 ta kai kimanin kilomita 10 da rabi a kewaye. Yau wani wuri tudu ne da yara ke hawa, wani wuri bangon bayan gida ne, wani wuri kuma ba abin da ya rage sai suna: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Wambai, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Dumi. Ka zana layinta gaba ɗaya, har da inda ta ɓace, domin harsashinta da ramin da ke wajenta suna nan a ƙasa. Haka za ka yi wa ganuwar sauran garuruwa a masarautun Katagum, Misau, Jama'are, Ningi da Dass, da kufai irin na Rauta inda aka taɓa mai da fadar Bauchi, da matsugunan kan tsauni da aka sauko daga cikinsu.

Ga yadda nake yin zaman tattarawa. Na farko a je fada da takarda, a yi bayani, a nemi hakimi ya sa dagatai da masu unguwanni su kira mutane. Ranar zama a shimfiɗa babban hoton sama na unguwar a kan tabarma, a fara nuna masallaci da kasuwa da makaranta har kowa ya gane inda gidansa yake. Sannan a fara tambaya. Kada ka ce "ina wuraren tarihinku?", za a nuna maka fada da masallaci a yi shiru. Ka tambaya ɗaya bayan ɗaya: ina aka daina binne mutane? Ina marina take a da? Ina maƙera suka zauna? Wace rijiya ce ba wanda ya san wanda ya haƙa ta? Wace tsamiya ko kuka ce ba a sarewa? A wace gona ce garma ke fito da tsingaro ko kashin maƙera? Ta ina hawan sallah ke bi? Tambayar nan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin hanya ma wurin tarihi ce, kuma shago ɗaya da ya shigo titi ya isa ya matse dawakai.

A yi zama dabam da tsofaffin mata. Su suka san rijiyoyi da wuraren ɗibar yumɓu da kaburburan yara da ke cikin gidaje, kuma ba za su faɗa a gaban taron maza ba. A kudancin jihar, wajen Dass da Tafawa Balewa da Bogoro, a tambayi tsofaffin majami'u da maƙabartun mishan da wuraren al'ada na kan duwatsu, a tafi da ɗan wurin wanda mutane suka yarda da shi. Taswirar da ta ɗauki tarihin wani ɓangare ta bar na wani ba za ta samu mutunci a wurin kowa ba. A tambayi Fulani makiyaya ma, domin su ke ratsa dajin da ba wanda ke shiga, kuma sun san kogunan dutse masu zane.

Kowane wuri a buɗe masa kati guda: lamba, sunan da mutane ke kiransa, abin da yake, wanda ya ba da bayani, wanda ke kula da shi, hoto daga gabas da yamma da kudu da arewa, da halin da yake ciki yau.

Mataki na uku: awo

A nan ne taswirori da yawa ke mutuwa, saboda haka zan ɗan tsaya.

Wuri ba ɗigo ba ne. Idan ka tsaya a tsakiyar maƙabarta ka danna GPS ka ajiye ɗigo ɗaya, ba ka kare komai ba, domin wanda ya ci gefenta zai ce bai taɓa ɗigonka ba. A zagaya iyakar da ƙafa tare da mai unguwa da maƙwabtan wurin, a ɗauki kowace kusurwa. Ganuwa kuma ba siririn layi ba ce, tana da kauri, ga ƙasar da ta zube gefe da gefe, ga rami.

GPS ɗin waya yakan yi kuskuren mitoci kaɗan, ya fi haka a lungu ko gindin dutse. Ya isa a zagayen farko. Amma fulotinmu na ƙafa 50 da 100 kusan mita 15 ne da 30, kuskuren mita biyar kuwa sulusin faɗinsa ne. Duk iyakar da za a hana mutum gini saboda ita, safiyo mai rajista ne zai auna ta da na'urar da ta dace, a kafa turakun siminti masu lamba.

Sai batun ma'auni, wato tushen da ake lissafa lambobin matsayin wuri a kansa. Tsofaffin taswirorinmu da takardun awo da yawa an yi su ne a kan ma'aunin Minna, GPS da hotunan Google Earth kuwa suna kan WGS 84. Idan ka haɗa su ba ka juya ɗaya zuwa ɗaya ba, komai zai goce da mitoci gommai, ka ga ganuwa ta bi ta tsakar gidan wanda bai taɓa ta ba, wanda ya hau kanta kuma ya fita fes. Zaɓi ma'auni ɗaya, ka rubuta shi ɓaro-ɓaro a gindin kowace taswira. Birnin Bauchi yana shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM, wato tsarin da ya raba duniya shiyya-shiyya domin awon taswira. Manhajar QGIS kyauta ce kuma tana yin juyin, ɗaliban awo da na tsara birane na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Bauchi suna iya aikin idan an ba su jagora.

Sikeli ma haka. A taswirar 1:50,000 milimita ɗaya mita 50 ce a ƙasa, kaurin bakin fensir kaɗai ya rufe fuloti. Irin wannan ta dace da duba gunduma gaba ɗaya. A cikin gari sai 1:1,000 ko 1:2,500. Kuma ka duba tsofaffin hotuna a Google Earth, inda ake ja baya shekara-shekara. A hoton rani layin tsohuwar ganuwa yakan fito a gona kamar tabo, ko da mai tafiya a ƙasa ba ya ganinsa.

Mataki na huɗu: raba launi

Launi uku sun isa. Wanda ya sa bakwai ba mai karanta masa.

Ja shi ne wurin kansa. Ba gini, ba tono, ba ɗibar ƙasa.

Ruwan ɗorawa shi ne hurumi. Ana iya yin wasu abubuwa, amma da sharaɗi. Faɗinsa ba ɗaya ba ne ko'ina, kuma ina roƙon a daina ɗaukar kamfas a zana da'ira mai faɗi ɗaya a kewaye da komai. Tambayi kanka me ke kashe wannan wuri. Ginin ƙasa ruwa ne ajalinsa: indararon maƙwabci, sokawe, lambatu da aka karkato, kududdufin da ke cin gindinsa. To huruminsa ya bi gangaren ruwa, ya fi faɗi ta sama. Zanen dutse kuwa abokan gabarsa nakiyar masu fasa dutse ne da hayaƙi da ƙura, huruminsa zai kai nesa sosai, ya haɗa dutsen gaba ɗaya. Fada da tsohon masallaci, tsawon gini ne matsalarsu: bene mai hawa uku a gefen soro mai zanko yana danne shi, yana kuma leƙa cikin gida. Ga ragowar ganuwa a cikin gari, shawarata ita ce a fara da faɗin fuloti guda kowane gefe inda fili ya rage, a ƙara ko a rage bayan an je an gani.

Shuɗi shi ne wurin da ake kyautata zaton akwai abu a ƙasa amma ba a tabbatar ba: cikin tsohon gari duka, gefen kufai, gonakin da tsingaro ke fitowa. Ana gini a nan, sai dai a sa ido lokacin haƙa.

A gindin taswirar a rubuta da manyan baƙaƙe cewa farin wuri ba shaida ba ce ta babu komai, yana iya zama ba a kai ga bincikarsa ba. Maƙabartar da na ba da labari fara ce fat a kowace taswira da muke da ita.

Kafin a fara aiki da ita, a kafe ta a sakatariya da ƙofar hakimi na tsawon wata guda, a yi shela, a karɓi ƙorafi, a gyara, sannan hukuma ta amince da ita a rubuce da kwanan wata. Taswirar da ba ta bi wannan hanya ba ra'ayin jami'i ce kawai, kuma ranar da aka matsa ba za ta tsaya ba.

Mataki na biyar: ranar da fayil ya zo

Abu na farko, tun kafin a karanta zanen gini, a ɗora kusurwoyin fulotin a kan taswira. A maƙala wa kowane fayil ƙaramar takarda mai tambaya huɗu: launin da ya faɗa, lambar wurin tarihi mafi kusa, tazarar da ke tsakani, da sunan wanda ya duba. Fayil ɗin da ba shi da wannan takarda kada ya wuce tebur na gaba. Da zarar ta zama dole kamar rasit, an gama rabin aiki.

Idan fari ne, fayil ya bi hanyarsa, amma mai zuwa duba fili ya tambayi maƙwabci ɗaya ko biyu me ke wurin a da. Idan shuɗi ne, a sa sharaɗin sanarwa kafin haƙa. Idan ruwan ɗorawa ne ko ja, a ajiye biro a tafi wurin. Gani ya kori ji.

A wurin, ga abin da nake dubawa. Turakun awo suna inda takarda ta ce? Ina ruwan rufin zai sauka, ina za a haƙa masai da sokawe? Ta ina tifa za ta shigo da yashi, za ta goga gindin ganuwa? Zurfin fandisho nawa ne? Idan na tsaya inda mutane ke tsayawa su kalli ƙofar ko soron, sabon ginin zai tare? Za a toshe hanyar da masu ziyara ko masu kai gawa ke bi? Sannan me za a yi a ginin? Gidan zama daban, gidan mai da tankunansa na ƙarƙashin ƙasa daban, injin niƙa ko gidan bulo mai girgiza ƙasa daban. Na ɗauki hoto, na rubuta kwanan wata.

Sai tuntuɓa. Idan wurin na tarayya ne, wasiƙa zuwa ga hukumar gidajen tarihi dole ce, kuma ba a ci gaba sai da amsarta a rubuce. Idan ba na tarayya ba ne, a rubuta wa ma'aikatar da ke kula da al'adu ta jiha da majalisar masarauta. A sa wa'adi a cikin wasiƙar, kwana 21 misali, a bi ta da ƙafa. Mai neman izini yana da haƙƙi shi ma. Kada fayil ɗinsa ya kwana shekara a durowa da sunan ana jiran amsa. Irin wannan jinkiri ne ke sa mutane su yi gini da daddare, su ce in an ga ya kai linta ba mai rushewa.

Magana da hakimi tana da ladabinta. Ba a aika masa takarda kamar ana ba shi umarni. Ana zuwa, a gaisa, a ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da aka nema a wuri kaza, ga abin da taswirar da kuka taimaka aka yi ta nuna, muna neman shawara." A rubuta abin da ya faɗa, a karanta masa, a sa a fayil.

Mataki na shida: hukunci

Ba "e" da "a'a" kaɗai ake da su ba, kuma mafi yawan fayilolin hurumi a tsakiya suke ƙarewa. Ana iya amincewa da sharaɗi: a ja ginin baya da mita kaza, a tsaya a hawa ɗaya, a juya indararo da sokawe zuwa ɗaya gefen, a bar lungu mai faɗi kaza. Ana iya mayar da zane a ce a sake, a zauna da mai zanen a nuna masa inda zai matsa. Sau da dama mai fili ba ya rasa ko ɗaki ɗaya, juya ginin kawai ake yi. Sharaɗi ya zama abin da za a iya aunawa da tef. "A kula da ganuwa" ba sharaɗi ba ne. "Kada wani tono ya kusanci turaku masu lamba kaza da kaza da ƙasa da mita goma" shi ne sharaɗi.

Idan ƙi ne, a rubuta dalili dalla-dalla: lambar wurin, dokar da aka dogara da ita, cutarwar da ginin zai yi, da inda mutum zai kai kuka idan bai gamsu ba.

Mafi wuya shi ne wanda ke riƙe da takardar mallaka ta gaskiya a kan jan wuri, gwamnati ce ta ba shi tun kafin a yi taswira. Wannan ba mai laifi ba ne, kada a yi masa kallon ɓarawo. Dokar 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, da biyan diyyar abin da aka gina ko aka shuka. Hanyar da na ga ta fi kawo zaman lafiya ita ce musanya: a ba shi wani fili mai daraja kwatankwacin nasa, da takardunsa a hannu, kafin a ce ya saki wannan. In an ce ya saki tukuna a nemo masa daga baya, ba zai yarda ba, kuma yana da gaskiya.

Za a kira ka a waya. Wani babba zai ce yaronsa ne, a duba. Amsar da ta fi tsare ni ita ce, "Yallaɓai, wurin yana cikin ja a taswirar da hukuma ta amince da ita, ba ni da ikon sa hannu, amma ga abin da za a iya yi." Jami'in da ba shi da taswira shi kaɗai yake tsaye a wannan waya.

Mataki na bakwai: bayan an ba da izini

A je ranar da aka ja igiyar fandisho, a sake zuwa ranar haƙa. Waɗannan ziyara biyu sun fi goma bayan an yi rufi. Kowane izini a shuɗi da ruwan ɗorawa ya ɗauki sharaɗin tsintuwa, kuma a karanta wa magini da leburori da baki, domin su ke riƙe da diga: in an ga ƙashi, ko tukunya a binne, ko bakin tsohuwar rijiya, ko ramukan marina, a tsaya, kada a ɗauke komai, a rufe, a kira. Dokar 1979 ta wajabta sanar da hukumar tarayya da ƙaramar hukuma cikin kwana bakwai. Namu alkawarin shi ne mu iso cikin kwana ɗaya ko biyu. Magini da ya san kira zai jawo masa tsaikon wata uku zai mayar da ƙasa ya yi shiru.

Kada a ɗauka masu shaguna ne kaɗai abin dubawa. Katafila ɗaya a aikin hanya ko sabon yankan filaye tana share abin da magina ɗari ba za su share ba. Ma'aikatar ayyuka da 'yan kwangila su karɓi taswirar tun ana zaɓen layin hanya, kuma ta shiga rahoton tasirin muhalli da doka mai lamba 86 ta 1992 ta tanada wa manyan ayyuka. A duba har inda za su ɗebi jar ƙasa da tsakuwa, domin tudun kufai ya sha tafiya a bayan tifa. A sabon yanki kuwa, a fitar da ja da hurumi tukuna, a sa su cikin filin shaƙatawa ko na makaranta, sannan a yanka sauran. Tun ran gini ran zane.

Ajiyar taswirar

Mutum ɗaya a sa wa alhakinta da suna, da mataimaki. Kwafi a kwamfuta, kwafi a takarda a bango inda masu neman fili ke zama, kwafi a ofishin filaye na jiha, kwafi a fada. Duk abin da aka tsinta a haƙa a shigar da shi cikin makon, shuɗi ya koma ja in ya cancanta. Bayan kowace damina a zagaya jajayen wurare da kati a hannu, a sake hoto daga inda aka ɗauki na bara.

Kwafin bango kada ya nuna komai da komai. Wurin da ake tsoron masu haƙan dare, ko wurin al'ada da masu shi suka ce kada a bayyana, a nuna shi da faffaɗan shuɗi kawai, ainihin iyakarsa ta zauna a kulle wajen mai alhakin taswira. Dillalan fili kuwa a kira su taro a ba su kwafin bangon kyauta, a nuna musu yadda ake karanta shi, domin mai saye wajensu yake fara zuwa kafin ya san hanyar ofishinmu.